Kwana Ashirin Ɗin da Na Faɗa wa Goggo

Bana ruwa ya yi jinkiri a Matameye. Kullum da la'asar hadari sai ya haɗo daga gabas, ya yi baƙi ƙirin kamar da gaske, mata su kwashe shanya, yara su fito tsakar gida suna jira, sai iska ta zo ta watsa shi, a koma cikin zufa. Mako uku ke nan ana haka. Ranar kasuwar da ta wuce na leƙa wajen bisashe, ba don zan sayi kome ba, ƙafa ce kawai ta saba, don shekara talatin na yi ina aikin elbaj, wato duba lafiyar dabbobi. Can gefe na tarar da saniya kwance, duk haƙarƙarinta a waje, samari huɗu sun kewaye ta. Ɗaya yana jan ƙaho, ɗaya yana tsula mata igiya, ɗaya kuma ya fito da salula yana ɗaukar hoto. Duk ƴaƴan Fulani ne, na san iyayensu. Biyu daga cikinsu sun yi lakwal, wato boko, har lise, babbar sakandare, yanzu kabu-kabu suke yi da babur.

Na ce, "Ku bar dukanta, ba gardama take yi ba, ƙafafun ne ba su ɗaukarta. Ku samo mini sanda biyu masu kauri."

Suka samo. Na nuna musu inda ake zura ɗaya, bayan ƙafafun gaba, ɗayar kuma gaban hantsa. Mutum biyu a kowace sanda, ni na kama wutsiya. Muka ɗaga tare, ta miƙe tana rawar jiki, na ce kada kowa ya saki sai ta taka ƙasa da kanta. Da ta tsaya, ɗayansu ya ce, "Baba, wannan a lakwal ɗin elbaj aka koya muku?" Na ce a'a, a gida na koya. Na dawo aka kawo tuwo na kasa ci, don a bazarar da na koyi wannan aiki ne garken mahaifina ya ƙare, kuma ni na jawo.

Shekara arba'in ke nan da ɗoriya. Rugarmu tana tsakanin Dawce da Matameye, in ka tashi da safe a ƙasa kafin azahar ka isa. Mahaifina, Baffa muke ce masa, yana da shanu talatin da ƴan kai. Ba ya cikin masu arziki, amma nono ba ya yankewa a ƙwaryar Inna, kuma da rani manoma har rige-rige suke yi su kira shi ya zauna a gonarsu shanu su zuba taki, a ba shi damman gero. Ni ne ɗan fari, bayana mata ne uku ƙanana. A wajenmu uba ba ya kiran sunan ɗan farinsa, ba ya zama ya yi hira da shi, ko ido ba su cika haɗawa ba, uwa ma haka. Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce, haka muka tarar. Idan Baffa yana son in kai maruƙa inuwa, sai ya dubi Goggo, yayarsa da ke zaune tare da mu tun da mijinta ya rasu, ya ce, "A ce wa wancan ya kai maruƙa inuwa," ni kuwa ga ni tsaye kusa da shi har rigarsa tana taɓa ni. Goggo ta juyo ta maimaita mini kamar kurma ne ni. In zan ba da amsa, ita nake ba, ta isar. In ban da gaisuwa, duk maganar da ta shiga tsakanina da mahaifina ta bakin Goggo ta bi.

Lakwal kuwa ba da son ransa na shiga ba. An zo neman yara, Arɗo ya duba ya ga Baffa ba mai yawan magana ba ne, ya miƙa ni. Aka ajiye ni Matameye gidan Malam Idi, manomin da muka fi zuba wa taki. Kowa ya ɗauka shekara ɗaya zan yi in gudo kamar sauran. Sai abin ya shige ni. Na ga ina gane lissafi kafin malami ya gama rubuta shi a allo, na ga ƴan gari da ke kirana ɗan daji suna leƙen takardata. Na wuce kwaleji har na kai ajin ƙarshe, ina da shekara goma sha bakwai, gemu ya fara tsiro, ina sa wando mai aljihun baya ina ganin duk ƙasarmu ta Kance babu kamata. Tun daga nan sunana a bakin Baffa ya tashi daga "wancan" ya koma "ɗan lakwal".

Daminar da ta gabaci wannan bazara ba ta yi ba. Ruwa ya sauka sau uku ko huɗu, gero ya kai gwiwa, ya tsaya, ya bushe a tsaye bai fid da kai ba. Ciyawar daji ba ta wuce idon sawu ba. Da kaka manoma suka yi abin da ba mu taɓa gani ba, suka kwashe karan gonakinsu kaf suka ɗora bisa itatuwa da rufin ɗakuna, suna sayarwa dami-dami. Malam Idi da kansa ya tako har ruga ya ba Baffa haƙuri, ya ce bana ba shi da geron taki. Shanu suka shiga rani babu kitse a jikinsu. Kafin sanyi ya wuce nono ya ɗauke, Inna ta wanke ƙorenta ta kife. Abincin gida ya koma garin rogo da ake kawowa daga Najeriya, da dilo, ƴaƴan anza da ake jiƙawa kwana da kwanaki ana zubar da ruwan don ɗacin ya fita, kuma ba ya fita duka. Ni Asabar da Lahadi kawai nake ganin wannan. Gidan Malam Idi ma ba daɗi ake ji ba, amma ƴaƴansa biyu suna cin rani a Kano suna aiko da ɗan abin da ya samu, tukunya tana hawa murhu sau ɗaya a wuni.

Da zafi ya fara, Kawu Sambo, wan Inna, ya tara mazan ruga ƙarƙashin gawo. Ya ce ya aika an dubo, can kudu bayan Daura da Kazaure akwai sauran kara da ciyawa, kuma can ruwa yakan riga sauka. Ya ce duk mai son shanunsa ya tashi yanzu, tun suna iya taka ƙasa. Aka sa rana. Tafiya irin wannan ba ta mutum ɗaya ba ce. A bakin kowace rijiya sai ɗaya yana jan guga ɗaya yana tare shanu kada su turmushe komi, a hanya kuma ɗaya gaba ɗaya baya. Kawu yana da samari uku, Baffa ni kaɗai gare shi. Kawu ya ce a haɗa garken yaransa su taimaka. Baffa ya ce a'a, mutum yana da ɗa namiji da ƙafafunsa ba ya ɗora wa ƴaƴan wani wahalar shanunsa, kuma duk rijiyar da aka je kowa nasa zai fara shayarwa, shi ba ya son ya ga laifin kowa.

Ranar Lahadi ce da hantsi. Ina zaune bakin bukkar Goggo ina bitar darasi, Baffa yana gefe ya ba mu baya yana tufkar igiya. Ya ce, "A tambayi ɗan lakwal, saura kwana nawa su gama."

Goggo ta ce, "Dikko, saura kwana nawa ku yi jarrabawar nan taku?"

Na san amsar sarai, don darekta ya rubuta ranar a allo ya ja mata layi biyu. Saura wata biyu da kwana goma. Na kuma san abin da ya faɗa mana, cewa wanda bai zauna jarrabawar ba an sallame shi ke nan, babu dawowa. Idan na ce wata biyu, Baffa ba zai yi faɗa ba. Zai ce wa Goggo a ce wa ɗan lakwal ya ɗauko sandarsa, shi ke nan, karatun shekara goma ya bi iska. Ban yi dogon tunani ba, bakina ne ya riga ni.

Na ce, "Kwana ashirin, Goggo."

Ta juya ta ce, "Wai kwana ashirin."

Baffa bai daina tufka ba. Can ya ce, "Ashirin za su iya." Shanun yake nufi.

A raina na ce kafin ashirin ɗin su cika wataƙila ruwa ya sauka da wuri, ko Baffa ya gaji ya bi su Kawu shi kaɗai, ko dai wani abu ya faru. Na karanta yanayin ƙasa a lakwal, na san watan da ruwa ke sauka a wajenmu, na san ba zai sauka ba. Duk da haka na koma Matameye da la'asar raina fari tas, ina ganin na tsallake rijiya da baya. Su Kawu suka tashi ranar Laraba. Ruga ta koma bukkokinmu uku da ta wani tsoho, Buba, wanda ba shi da sauran abin korawa.

Ga yadda wuni ke tafiya a lokacin. Da an yi sallar asuba Baffa zai ɗauki gatari ya hau gawo. Allah ya yi gawo da ganye a rani, lokacin da kowane itace ya zubar, shi ya riƙe mu. Ya sassaro rassa, shanu na ƙasa sun ɗaga kai suna jira, ƙannena suna tsintar ƴaƴan da suka faɗo suna tarawa a zane domin masu rauni. Sai an yi da sauri, don in masu tsaron daji suka kama mutum bisa gawo, gatarin ma ba zai koma gida da shi ba. Da hantsi a kora su rijiya. Rijiyar gaba goma sha biyar ce, ruwan ya ja ƙasa, guga biyar za ka ja ka fara kwaso laka, sai a zauna a jira ya taru. Rana ta take, yashi ya yi zafin da ko mai takalmin taya sai ya riƙa ɗaga ƙafa, igiyar guga ta cinye tafin hannu. Shanu su jera kai a komi babu mai kuka, don kukan ma ƙarfi yake so. Da la'asar Inna da Goggo su bi bukkokin waɗanda suka tashi suna zare bunu, tsohuwar ciyawar rufi da ta shekara tana shan hayaƙi, a yayyafa masa ruwan kanwa a zuba musu. Suna ci. Tsumma ma suna ci, da igiya, da gashin wutsiyar juna. Wata Lahadi na ajiye littafin tarihi bisa turmi na shiga shan ruwa, na fito na tarar Woɗe, jar saniyar da Baffa ya fi ji da ita, ta cinye sarakunan Faransa har rabi. Goggo ta yi dariya har da hawaye, ta ce to ga shi ita ma ta shiga lakwal. Ni ban yi dariya ba, don littafin na aro ne.

Kwana ashirin suka cika ranar wata Asabar. Na iso na tarar an ɗaure kaya, an ɗinke salka, Inna ta ƙulle ɗan garin da ya rage domin guzuri, Baffa ya yi wa jakinmu sabon akumari. Goggo ta taro ni tun daga nesa da fara'arta.

Ta ce, "An gama?"

Na dubi kayan nan, na dubi bayan Baffa. Na ce, "An ɗaga, Goggo. Daga sama aka aiko, wai sai bayan kwana goma sha biyar."

Ta isar. Baffa ya ce, "Su suka san aikinsu." Ya sauke akumarin ya rataye. Bai tambayi Malam Idi ba, bai shiga ya tambayi darekta ba, ko da yake ranar kasuwa ta ƙofar kwaleji yake wucewa. Bai taɓa kawo wa ransa cewa akwai abin tambaya ba. Cikin makon nan wani falke ya kawo saƙon Kawu, cewa sun isa, sun samu abin kiwo, Baffa ya taso kada ya ƙara kwana. Baffa ya ce a gaya wa Sambo saura kaɗan, yaro ya kusa gamawa. Goggo ce ta ba ni labari, tana yabon haƙurin ƙanenta.

A cikin waɗannan kwana goma sha biyar ne shanu suka fara kwanciya. Saniya in yunwa ta ci ƙarfinta takan kwanta lafiya lau, da safe ta yunƙura ta kasa. In aka bar ta wuni ɗaya a ƙasa ƙafafun su mutu, ba ta sake tashi. Don haka kafin gawo, kafin rijiya, sai an bi su ɗaya bayan ɗaya an tayar. Aikin maza biyar ne. Mu kuwa Baffa ne da tsoho Buba a sanda ɗaya, Inna da Goggo a ɗayar, babbar ƙanwata a wutsiya. Ranar da nake nan sai in karɓi gefen Goggo. Da farko biyu ake tayarwa, sai biyar, sai tara. Wadda aka tayar a riƙe ta, Baffa yana shafa wuyanta yana kiran sunanta da na uwarta da na kakarta, don duk ya san su, har ta tsaya. Wani lokaci kafin a gama da ta ƙarshe ta farko ta sake zubewa. Kafaɗun Inna suka sale, ta riƙa naɗa musu tsumma.

Lahadi da la'asar sai in wanke hannu in kama hanyar Matameye, in bar su da sandunan. Litinin da safe ina zaune a aji, na san a daidai wannan lokaci Goggo tana can tana nishi ƙarƙashin sanda, cikinta babu kome sai dilo. In buɗe littafi in yi karatu, karatun kuma yana shiga. Har yau abin da na kasa yafe wa kaina ke nan, cewa yana shiga.

Mahauta suka gano mu. Su da ungulu tare suke zuwa, kuma ungulu sun fi su kunya, don su daga nesa suke tsayawa. Su zo da jakuna da wuƙaƙe, su zauna a inuwa suna hira suna jiran wadda za ta kasa tashi, su taya ta abin da bai kai kuɗin tunkiya ba a shekarar lafiya. A yanka, a yanyana naman a shanya bisa igiya, babu kitse ko na shafa wa leɓe. Abin da aka samu a sayo dusa a ba sauran, kafin mako ya zagayo dusar ta ƙare a sake yanka wata.

Da kwana goma sha biyar suka cika, Goggo ba ta taro ni a hanya ba. Sai da na zauna na sha ruwa ta tambaya, murya ƙasa-ƙasa. Na ce an sake ɗagawa. Wannan karon ba ta juya ta isar ba, don Baffa yana kusa ya ji. Ya ce, "A ce masa ya kwantar da hankalinsa ya yi karatunsa. Yanzu ko an sallame shi, babu mai kai Ɗan Barto a cikin shanun nan." Ɗan Barto kuwa nan ne bakin iyaka, tafiyar ma ba ta fara ba. Na so a ce zagina ya yi. Goggo ta bi ni da kallo, na sha jinin jikina na ce ta gane, amma da zan tafi sai ta ƙulla mini ɗan dilo a tsumma ta ce in ci a hanya, kada yunwa ta hana ni gane karatu.

Wata guda da ƴan kwanaki aka ƙara a haka. Zafi ya kai inda ko ruwan randa ɗumi gare shi, hadari ya riƙa haɗowa yana watsewa. Shanu suka koma goma sha tara, mafi yawansu sai an tayar.

Ruwan farko ya sauka a rana ta biyu ta jarrabawa, bayan azahar, muna tsakiyar lissafi. Iska ta fara bugun tagogi, gari ya yi duhu, ƙamshin ƙasa ya shigo, sannan ruwa ya kece bisa kwanon rufi har ba a jin maganar mai tsaronmu. Ƴan ajinmu, ƴaƴan manoma, suka riƙa duban juna suna murmushi, wani ya yi hamdala da ƙarfi, mai tsaron ma bai hana shi ba. Ni kuwa alƙalami ya tsaya a hannuna. Duk ɗan makiyayi ya san abin da ruwan farko ke yi wa saniyar da ta rame. Ba ta da kitsen da zai tare mata sanyi, ta jiƙe, ta kwanta cikin laka, jikinta ya sandare. Ruwan ya yi kamar awa biyu yana zuba. Na goge tafin hannuna a wando na gama lissafin, ban bar tambaya ko ɗaya ba.

Washegari muka yi takardar ƙarshe da safe. Na fito ban ko biya gidan Malam Idi ba, na kama hanya gudu-gudu sauri-sauri. Ko'ina manoma sun fito shuka, maza na sara da sungumi, mata na bi suna jefa iri suna rufewa da ƙafa, ana ta yi mini barka da ruwa ina amsawa. Ƙasa ta yi laushi, iska mai sanyi tana kaɗawa, rabona da jin irinta na manta. Tun kafin in hango bukkoki na hango ungulu.

Baffa yana tsakiyar garke da wuƙa a hannu, rigarsa ta rine. Tun asuba suke gwada sanduna, wadda aka ɗaga sai ta zube kamar tsumma, shi ne ya bi su yana yankawa kada su mutu mushe. Mahauta ma sun ƙoshi, ko tayi ba su yi ba. Inna na zaune a ƙasa ta rufe kai da zane. Woɗe ce ta rage a kwance, idonta biyu, tana numfashi sama-sama. Baffa ya tsuguna gabanta ya daɗe, ya tashi, ya sake tsugunawa. Sannan ya miƙa wa Goggo wuƙar bai dube ni ba.

Ya ce, "A ba ɗan lakwal. Ni ba zan iya wannan ba."

Na karɓa. Tsoho Buba ya juya mini kanta alƙibla, na yi bisimilla na yanka. Jinin da ya fito ko ƙaramar ƙwarya ba zai cika ba. Da na miƙe, Baffa ya ce wa Goggo, "A tambaye shi, jarrabawar ta yi kyau?" Na ce ta yi kyau. Ya ce, "To madalla." Bayan kwana goma ƙasa ta yi kore shar, ciyawa har bakin bukka, shanu huɗu ne suka rage mana da za su ci ta.

Su Kawu Sambo suka dawo tsakiyar damina da fiye da rabin nasu. Su ma sun sha wuya, amma sun dawo suna kora abu a gabansu. Kawu ya ba Baffa karsana biyu, dangi suka ƙara abin da ya samu, garken dai bai sake haɗuwa ba. Bayan shekara biyu Baffa ya sayar da abin da ya rage ya bi ƴan cin rani zuwa Kano, ya yi shekara tara yana gadin ƙofar wani Alhaji, mutumin da bai taɓa buɗe wa kowa ƙofa ba sai ta shingen maruƙa. Ni na ci jarrabawa, na zo na ɗaya a kwalejinmu, aka tura ni karatun elbaj. Da na kama aiki na tsaya da ƙafata, na je na ɗauko shi, na gina masa ɗaki a gidana nan Matameye.

Mutane sukan ce mini, "Ai ku lakwal ta cece ku, dubi jikokin Sambo." Gaskiya ne, jikokin Kawu yau babu mai saniya goma a cikinsu. Burtali ya zama gona, kara sai da kuɗi, wasunsu na gadi a Kano, wasu na kiwon shanun alhazan birni, waɗanda suka yi lakwal kuma suna bakin tasha bisa babur, takardunsu na ƙarƙashin katifa. Wataƙila ko na bi Baffa kudu a bazarar nan, ƙarshenta nan za mu iso. Na sha gaya wa kaina haka. Amma Kawu Sambo a rugarsa ya rasu yana jin kukan shanunsa. Baffa kuwa ya yi shekarunsa na ƙarshe bisa tabarma a ƙofar gidana, yana kallon shanun wasu suna wucewa kasuwa, yana faɗin wadda ke da ciki da wadda za ta yi nono.

Kuma yana ba da labarin. Duk baƙon da ya zauna da shi sai ya ji yadda ruwa ya ƙi, yadda Sambo ya tashi, yadda masu lakwal suka ɗaga wa yara jarrabawa har sau biyu a shekarar da bai kamata ba. Ba ya zaginsu, yakan ce mutanen biro, masu zaman ofis bisa kujera, ba su san saniya ba, ina za su sani. Sau da yawa ina cikin zaure ina jin sa. Wata rana wani tsohon malamin lakwal ne baƙon, na ji ya ce, "Ɗagawa? A wace shekara ke nan?" Baffa ya ce, "Kai ba ka nan ne, Malam. Mai gidan nan shi ya zauna ta." Malamin ya bar zancen don ganin girmansa.

Na yi niyyar faɗa masa ba sau ɗaya ba, amma ta bakin wa? Goggo ta rasu tun ina karatun elbaj. Bayanta ya koma aiko mini da saƙo ta bakin duk wanda ke kusa, har ƴata Ramatu ta yi wayo ta gaji aikin, tun tana ƴar shekara biyar har ta zama budurwa. Magana irin wannan ba a ɗora wa yarinya, ni kuma ban taɓa zama gabansa na fara zance da kaina ba. Kullum sai in ce gobe.

A ciwonsa na ƙarshe, wata safiya bayan ya ɗan kurɓi kunu, na ce yau ko ta halin ƙaƙa sai na faɗa. Na shiga ɗakinsa na zauna bakin ƙofa. Yana kwance ya fuskanci bango, Ramatu tana yi masa fifita. Na gaishe shi ya amsa. Na ce, "Ramatu, ki ce wa Baffa akwai maganar da nake so in yi, a kan shekarar da shanu suka ƙare." Ban kai ga faɗin sauran ba.

Ya ɗaga hannu. Ya ce, "Ramatu, ki ce wa babanki na san abin nan yana cinsa, tun ranar nake ganin haka a tafiyarsa. Ki ce masa ya cire shi a ransa. Yaro ne, an ce masa kwana ashirin ya zo ya faɗa, aka ɗaga ya zo ya faɗa. Me zai yi? Ni ne babba, ni ya kamata in san ba a jiran mutanen biro da saniya mai yunwa. Laifina ne. Ki ce masa shi bai taɓa yi mini ƙarya ba, kuma na yafe masa duniya da lahira, ko da yake ban ga abin yafewa ba."

Ramatu ta juyo za ta maimaita mini, na ce na ji.

Ta ce, "To Baba, maganar da za ka yi fa?"

Na dubi bayansa, ƙasusuwan kafaɗa sun fito ta cikin riga. Numfashinsa ya daidaita kamar na wanda ya sauke kaya.

Na ce, "Ki ce masa na gode. Ita ke nan."

Ta isar masa. Bayan kwana huɗu muka kai shi makwancinsa, ya tafi yana ganin laifinsa ne.